Ladan Zaman Gidan Ubana

Edita, lokacin da kuɗin mai suka fara zuba a ƙasar nan ni saurayi ne, na gama sakandare, ina zaune da iyayena a Sabon Garin Wudil. Mahaifina Balarabe ne mai kantin yadi, mahaifiyata Bahaushiya. A wurinsa ɗa ba ya barin gidan ubansa sai dai a fitar da gawar ɗayansu. Faranti ɗaya muke ci da shi, ba ya sa hannu sai kowa ya zauna.

A shekarun nan aiki ne ke neman mutum. Wani kamfanin gina hanya ya ɗauke ni akawu a Jos, har da gida. Da na gaya wa Baba bai yi faɗa ba, wallahi da ma faɗan ya yi. Kuka ya sa, yana tambayata me ya rage ni da shi, ci ko sutura, da zan sa a ce ya kori ɗansa. Ya ce a ƙasarsu wanda ya tashi daga gaban ubansa ya binne shi da rai. Na kwance kayana. Da na yi aure ya ware mana ɗaki a cikin gida, amma ya hana mu ɗora tukunyarmu. Matata ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce ba ta san wanda take aure ba, ni ko Baba, ta tafi. Ƙanena kuwa, da aka yi masa irin wannan kukan, ko waiwaye bai yi ba, ya hau mota sai Kaduna. Baba ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa.

Ni na tsare kanti, ni na yi jinyar Baba da ɓarin jikinsa ya shanye. Wata rana ƙanen nawa ya zo dubiya da motarsa da 'ya'yansa. Ina tsugune ina wanke wa Baba ƙafa, na ji Baba yana gaya wa maƙwabta cewa ƙanen nawa shi ne namiji a cikin 'ya'yansa, ni kuwa Allah bai ba ni zuciyar nema ba, har furfura ina cin tuwon uwata. Aka yi dariya. Na sunkuyar da kai na ƙarasa wankin.

Na yafe masa, Allah ya ji ƙansa, amma har yau maganar tana ci mini rai. Iyaye, ku ji tsoron Allah, kada ku ɗaure ɗa da hawaye sannan ku raina shi don ya zauna. Matasa, ku yi biyayya, amma ku tambayi malamai inda haƙƙin iyaye ya tsaya. Ni ban tambaya ba. Ga ni tsoho a ɗakin da aka haife ni, ba mata, ba ɗa.