Ranar da Oga ya tarar da kwaɗo a ƙofar asibitina

Shekarun baya, da na gama makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke mu aiki ni da wata ƙawata 'yar Kudancin Kaduna da muke unguwa ɗaya a Barkin Sale. Ita aka bar ta a cikin gari. Ni kuwa aka jefa ni wani ƙauyen Gbagyi can bayan Maikunkele, inda kwalta ke ƙarewa a ci gaba da haƙuri. Asibitin sha-ka-tafi ne, ɗaki biyu da baranda da dogon benci, kuma ni kaɗai ce ma'aikaciya a ciki. Wadda na gada kamun ƙafa ta yi ta yi har aka maido ta gari.

Mahaifiyata kayan miya take sayarwa a Kasuwar Kure. Tana jin inda aka tura ni ta ce akwai wata Hajiya da ke sayayya a wurinta, mijinta babba ne, mu je mu gaishe su a canza min wuri. Na ce a'a. Zan so in ce muku kishin al'umma ne ya hana ni, amma gaskiya kunyar durƙusawa a falon mutane ce kawai, ga kuma taurin kan da na gada, ba zan faɗi daga wurin wa ba tunda tana karanta abin da nake rubutawa.

Na fara aiki da zumuɗi. Kullum da sassafe in hau Keke Napep zuwa Maikunkele, daga nan in hau babur, in isa da farar rigata a goge. In share baranda, in jera kayan aiki, in zauna. Ba kowa. Garin shiru kamar an yi gudun hijira, sai tsofaffin da ba sa iya fita da kaji. Wadda ta fi kowa zuwa asibitina a watannin farko wata jar akuya ce, ta maida ƙarƙashin bencina wurin hutawarta. Lokacin tashi na yi sai in sa kwaɗo in kama hanya, ina ce wa kaina mutanen nan ba sa son asibiti.

Wata safiya na iso na tarar da mutane a gidan da ke kallon asibitin. Yarinya ce ta rasu, ko yaye ba a yi mata ba. Ƙyanda. Allurar rigakafinta tana cikin kular ƙanƙarar da nake ɗaukowa duk mako in mayar da ita yadda na ɗauko. Daga barandata ana hango ƙofar ɗakin uwarta. Ranar ban iya cin abinci ba.

Bayan an yi kwanaki na je wurin wata tsohuwa da ke karɓar haihuwa a garin. Na gaishe ta, na tambaye ta me na yi wa matan nan da suke guduna. Ta dube ni sama da ƙasa, ta amsa da irin Hausarta da kowa namiji ne a ciki.

"Likita, ba mai gudun ka. Kai ka zo da safe, mu muna gona. Mu mun dawo, kai ka tafi. Doya ba ya jiran mutum. In kana so ka gan mu, ka zauna har yamma."

Abin da na yi wata da watanni ina zargin mutane a kansa ke nan. Washegari na je ofishinmu na roƙi a bar ni in riƙa buɗewa daga azahar zuwa magariba. Wanda na samu ko ɗago kai bai yi sosai ba. Ya ce lokacin aikin gwamnati sananne ne, kuma yarinyar da ko tabbatar da ita ba a yi ba tukuna ba ita za ta gyara shi ba. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Ina cikin lokacin gwaji, takardar tuhuma ɗaya ta isa a ce min in koma gida.

Na faɗa wa ƙawata abin da nake shirin yi. Ta ce, "Sista, ki bari su tabbatar da ke mana, sai ki yi haukanki a tsanake." Mahaifiyata kuwa ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. "Aikin da na yi shekaru ina kai goshina ƙasa a kansa za ki yi wasa da shi? Ki buɗe lokacin da aka ce, wanda ya zo ya zo." Na san ba ƙarya ta faɗa ba. Amma duk safiya sai na wuce ta ƙofar gidan nan da aka yi rasuwa.

Sai kawai na yi. Na bar lambar wayata a wurin mai gari da limamin masallaci da faston coci saboda larurar gaggawa, na koma zuwa da azahar. Yammacin farko mata kaɗan suka leƙo, su ma don su ga ko da gaske ne. Kafin wata ya ƙare benci ya daina ɗaukarsu, wasu a ƙasa, wasu a kan itacen da suka sauke daga kafaɗa. Masu ciki na zuwa awo, jarirai na kuka, ni kuma ina komawa Barkin Sale da ƙura har cikin kunne. Akuyar nan ta yi fushi ta canza gida.

Ana haka, wata safiya babban mai duba ayyukanmu ya kai ziyarar ba-zata. Dattijo ne mai farin gilashi, an ce tunda ya fara aiki ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ina tsaye a layin karɓar maganin rigakafi wayata ta yi ƙara, aka ce Oga yana nemana yanzu-yanzu.

Na shiga ofishinsa. Ya bar ni a tsaye ya gama abin da yake rubutawa, sannan ya ce, "Asibitin na gidanku ne?" Na yi bayani, ya saurara, fuskarsa ba ta canza ba. Ya ce duk wanda aka kama da irin wannan labari yake kawowa, wani ya ce mutuwa aka yi, wani ya ce taya ce ta fashe, ni kuma na zo da doya. Ya jawo takarda. A nan ne bakina ya riga hankalina.

"Yallaɓai, ka zo ranar Alhamis bayan la'asar. In ka tarar da wurin zama a bencina, ba sai ka wahala da rubuta komai ba. Ni da hannuna zan kawo maka takardar ajiye aiki."

Ya cire gilashi ya dube ni. "Kin ji abin da kika faɗa?" Na ce na ji. Ya ce to, amma kada in kuskura in tara masa 'yan haya, domin ya san fuskar wanda aka kira. Na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa a garin ba, kuma ban faɗa ba. Ina fitowa na jingina da bango ina tambayar kaina wa ya aike ni.

Ranar Laraba ruwan farko na shekara ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ni 'yar birni har murna nake yi, wai gari ya yi sanyi, Oga zai zo cikin nishaɗi. Abin da kowane yaro a ƙauyen ya sani ni ban sani ba. Kashegarin ruwan farko ƙasa ta yi laushi, ranar shuka ce, ba mai barin gona sai ya daina ganin hannunsa.

Bayan la'asar motar Oga ta tsaya a gaban asibiti. Baranda fes, benci fes, ko kaza babu. Ya zauna a kujerata, ni ina tsaye a bakin ƙofa ina leƙen hanya kamar mai jiran kuɗin adashi. Ya duba agogo, ya sake dubawa. Direbansa ya leƙo ya ce hanya ta jiƙe, gara su wuce da sauran haske. Na tuna fuskar mahaifiyata, na ji hawaye na neman zubowa. Oga ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa.

Tunda aikin ya riga ya tafi, sai tsoron ma ya tafi tare da shi. Na ce, "Yallaɓai, tunda ka sha hanya, zo in nuna maka inda marasa lafiyata suke kafin ka tafi." Ban jira amsa ba. Na rataya kula, na ɗauki sikelin awon jarirai, na nufi wata bishiyar ɗorawa da ke bakin hanyar gona. Ban waiwaya ba, domin in na waiwaya na ga ya shiga mota zan zauna a ƙasa in yi kuka. Can na ji ƙarar takalmi a taɓo a bayana.

Na rataya sikeli a reshe, muka tsaya. Rana ta yi ja. Sai ga su sun ɓullo a jere, kaya a kafaɗa, goyo a baya, taɓo har gwiwa. Tsohuwar nan ce a gaba. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi sikelin.

"Likita, yau asibiti ya zo hanya?" Ta juya ga Oga. "Wannan mijin ka ne?"

Na so ƙasa ta tsage. Na ce, "A'a, Kaka, ogana ne daga ofis."

"To ya riƙe yaro mana, ya tsaya kamar sanda."

Ba wadda ta tambayi dalili. Suka fara sauke kaya suna kwance goyo. Wannan ta ce yau ce ranar allurar ɗanta, dama tana ta sauri kada in tashi. Waccan ta ce cikinta ya kwana yana juyawa. Wata ta ja ni da faɗa, wai na ce ta dawo da yarinya awo amma ban ce mata ruwa zai sauka ba. Kafin in ankara an miƙa wa Oga jariri, ya naɗe hannun riga yana sa shi a sikeli yana karanto min nauyi. Ashe ya iya, aikinsa ne tun ban san kaina ba. Wani ɗan lukuti ya wanke masa gaban kaftani da fitsari, mata suka kwashe da dariya, ni kuma a ranar na ga haƙorin Oga.

Da aka kira magariba layi bai ƙare ba, direba na haska mana da fitilar waya. Oga ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Kin san dai bencinki ba kowa a kai."

Na ce, "Haka ne, Yallaɓai."

"To a je a ɗauko shi a kawo nan. Ƙafata ta gaji."

Ban ajiye aiki ba, ba a kuma rubuta min komai ba. An tabbatar da ni a wannan shekarar. Oga da kansa ya nemo izini aka bar asibitocin ƙauyukan noma da ke ƙarƙashinsa su daidaita lokacinsu da na gona, ya kuma riƙa tura ni ina yi wa sauran bayani, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Daga nan aka ba ni damar ƙaro karatu. Yau kujerarsa ta ofis ita nake kai, mahaifiyata kuma tana gaya wa 'yan kasuwa cewa dama ita ta san yarinyar nan za ta yi nisa.

Ba ina cewa kowa ya tashi ya karya dokar wurin aikinsa ba ne. Da Oga ya shiga mota a yammacin nan, da wani labarin nake ba ku yau, kuma ba mai daɗi ba. Na yi kasada, na kuma yi sa'ar dattijon da ya yarda ya taka taɓo. Abin da na gane shi ne, zaman da nake yi a asibitin da ba kowa, da farar riga a goge, ina ganin shi ne zaman lafiya, shi ma kasada ce, sai dai ba ni ke biyanta ba. Da na gane haka, rasa aikin ya daina zama abin da na fi tsoro.

Yanzu ni ke zagayawa duba asibitoci, kuma nakan tarar da kwaɗo a ƙofa da safe. Sau da yawa lalaci ne tsagwaronsa, ba na kuma raga wa mai shi. Amma ba na yanke hukunci sai na ga yammacin garin da idona. Direbana ya riga ya san hali, da ya hango kwaɗo sai ya nemi inuwa ya kashe mota.