Dutsen Gonar Fanch

Fanch Kergoat bai taɓa riƙe fartanya da gaske ba. Gonar da mahaifinsa ya bari a bayan garin Karnak, rabinta ciyawa ta cinye. Shi kuwa gogan ya tara gemu har ƙirji, ya ɗinka farar riga da zanen gado, wai shi jikan bokayen Keltawa ne, mutanen da suka zauna yankin a zamanin da. Jika fa! Mutumin da kakansa ya mutu yana tallar kifi.

Duk lokacin zafi yana bakin hanya, yana nuna wa baƙi 'yan yawon buɗe ido wasu dogayen duwatsun tarihi da ke tsaye jere a fili. "Kakannina suka kafa su," in ji shi. Wata malamar makaranta ta taɓa gaya masa duwatsun sun girmi Keltawa da dubban shekaru. Ya taɓe baki. "'Yata, ke a takarda kika gani. Ni a jinina yake."

Kwatsam hukuma ta ce sabuwar hanya za ta ratsa gonar, sai fa in an sami kayan tarihi a ciki. Fanch kuwa ban da gonar nan ko allura ba shi da ita. To, akwai wani dutse kwance a ƙarshenta, rabi a binne. Ƙanwarsa Soazig ta ce, "Yaya, bar shi yadda yake, kira masu bincike."

"A kwance kamar mashayi? Wa zai yarda na Keltawa ne?"

Ya ɗauko hayar motar haƙa, ya tumɓuke dutsen, ya kafa shi da siminti a ƙofar gida, ya cike ramin da tarkace. Kwana uku yana sassaƙa masa zane mai murɗe-murɗe, irin na kofunan da ake sayar wa baƙi.

Mai binciken ta zo, ta zagaya dutsen, ta duba gurbinsa. "Baba, wannan ya kai shekara dubu shida. Da ka bar shi inda ya faɗi, ba mai taɓa gonar nan. Yanzu ba ni da abin rubutawa."

"Amma Keltawa..."

"Keltawa sun zo sun tarar da shi, sun bar shi lafiya. Kai ka lalata shi."

Yau kwalta ce shimfiɗe inda mahaifinsu ya yi shekara arba'in yana noman dankali. Soazig ba ta ƙara taka ƙofarsa ba.