Jan Ɗankwali a Titin Gidan Igwai

Tun ranar da Hajiya Kulu ta ɗauke ni aikin kula da mahaifinta a unguwar Gidan Igwai ta Sakkwato, da tsoro ɗaya nake kwana: kada tsohon nan ya fita titi a hannuna. Ta faɗa mini a fili, "Ki taho da goyonki, ban hana ba. Amma duk randa Baba yat taka titi, kin bar gidan ga." Ni kuwa da aikin nan nake ciyar da ɗiyata Nana.

Baba Sambo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. A tashar Ƙaura Namoda ya yi aiki, inda layin dogon da ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya zo ya ƙare. Da lebura ya fara, har ya zama mai tuta, wato mai ba jirgi hanya: kore a wuce, ja a tsaya. Tsufa ya ɗauke masa sunayen jikokinsa, amma ya bar masa tashar. In ina ba shi kunu sai ya lumshe ido, ya shiga labarin buhunan gyaɗa da auduga, da tankin da jirgi ke shan ruwa, da Sakkwatawa masu sauka daga manyan motoci da tabarminsu su zauna jiran jiniya. Ni da ban taɓa ganin jirgin ba sai a waya, har ƙaurin gawayi nake ji. Ya ce sun sha jin cewa layin zai zarce har Sakkwato.

"Shina tahe, ɗiyata," yakan ce. "Hanya ce ba a ba shi ba."

Ranar da ba ta fita raina wata Laraba ce cikin damina, bayan la'asar. Na zaga wanke Nana, sai wata babbar mota ta yi doguwar oda a titi kamar jiniyar jirgi. Ina fitowa na ga kujera ba kowa, ƙofar zaure a buɗe, koren tawul ɗin da yake ratayawa a kafaɗa ma babu.

Na saɓa Nana na fita ko hijabi ban ɗauka ba. Can na hango shi ya miƙe sambal kamar ba shi ne mai dogara sanda ba, tawul a sama, ya nufi tsakiyar titi, masu keke suna kauce masa suna zagi. Na kira Baba, bai waiwayo ba. Mai shayin bakin titi ya kama hannunsa, Baba ya fizge: "Sake ni, jirgi na bisa hanya!"

Sai maganarsa ta faɗo mini, cewa jar tuta ko ɗan wane ne ya gan ta tsayawa yake. Ɗankwalina ja ne. Na tuɓe shi a gaban maza, na sha gabansa na ɗaga.

Ya tsaya cak.

"Wa ab ba da ja?"

"Ni ce, Baba. Ruwa ya ci gada. An ce jirgi shi kwana Ƙaura."

Ya daɗe yana kallon titin, kamar yana ganin fitilar jirgin tana komawa da baya. Sannan ya naɗe tawul. "Madalla da kinka gani da wuri. Da mun hallaka bayin Allah." Ya bi ni gida.

Kafin Hajiya ta iso, mai shayi ya riga ya ba ta labari. Ta tsaya a tsakar gida ba ta ajiye jaka ba. "Hadiza, mi nic ce miki?"

Baba ne ya ɗaga murya daga ɗaki: "Kulu, bar ma'aikaciyata. Ita tat tsai da jirgi."

Hajiya ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gyale. Washegari ta kawo jan ƙyalle ta ɗaura a ƙofar zaure da hannunta. Har yau Baba bai ƙetare shi ba. Yakan zauna kusa da shi ya tambaye ni ko an gyara gada, in ce ana nan ana yi.

'Yan uwana masu aikin kula da tsofaffi, da na ɗauki labarinsa surutun tsufa, da ban san abin da zan ɗaga ba. Don Allah ku tambaye su aikin da suka yi, kuma ku zauna ku ji.