Tankin da Ba a Auna Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi kaɗai ya san abin da ido ba ya gani.

Na yi shekaru ina karantarwa a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, ta makiyaya a ƙasar Dannet. Ni ba mushe ba ne, kamar yadda muke kiran malamin boko. Karatuna na allo ne, rubutuna ajami. Iyayen yara suka ɗauko ni daga Arlit don in koya wa ƴaƴansu salla da baƙi idan mushe ya gama nasa faransancin. Mu biyu ne, shi saurayi ɗan Damagaram mai kaifin baki, ni dattijo ɗan Adar, rumfarmu ɗaya, butar shayinmu ɗaya.

Amma ba ni na riƙe lakwal ɗin ba, ba kuma mushe ba. Tanki ne ya riƙe ta. Wani babban tankin ƙarfe ne da iyaye suka sayo a kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Arlit, kamyo, babbar motar kaya, ya kawo shi, aka girke shi kan duwatsu. Rijiya da nisa take. Jakuna ke kawo ruwa a zuba, yara su sha, su yi alwala. Makiyayi yakan bar ɗansa inda babu littafi, amma ba ya barinsa inda babu ruwa.

Wata shekara wata ƙungiya ta kira malaman daji horo a Arlit, wai a koya mana yadda za mu karantar da yara kula da muhalli. An yi maganar dashen itace, da leda mai kashe awaki, da wanke hannu. Ban raina ba, alheri ne. Ranar ƙarshe aka shigo da wani tsohon ma'aikacin ramin yuraniyom, riƙe da na'ura kamar ƙaramin rediyo. Ya ajiye guntun bututu a kan tebur, ya kusantar da ita, sai ta kama ƙara kamar an watsa gishiri a wuta. Ya ce daga cikin ƙarafan da suka fito daga wajen haƙa suka shiga kasuwa, akwai masu ɗauke da cuta. Ba duka ba, wasu. Ba wari, ba launi, ba ta fita da wanki, ba ta fita da wuta, sannu take cin mutum. Na'ura kaɗai ke rarrabewa.

Na ɗaga hannu na ba da labarin tankinmu. Madam ɗin da ke jagorancin horon ta ce, “Malam ya yi tambaya mai kyau, a tafa masa.” Aka tafa mini. Har yau ban manta tafin nan ba. Ina maganar ruwan da yara ke sha, ana tafa mini kamar na ci kokawa. Ta yi alkawari za su zo da na'urar ranar da za su zagaya ƙauyuka. Kafin nan, ta roƙe ni in rubuta gargaɗin da ajami a kwali, tunda dattawan daji boko ba ya karantuwa gare su. Na rubuta da hannuna.

Da na koma na tara iyaye na faɗa musu abin da na ji, ban ƙara ba, ban rage ba. Babban dattijon zangon ya ce a yi haƙuri har masu na'ura su zo. Aka ci gaba da sha. Duk yarinyar da ta kafa baki a famfon tankin sai in kawar da kai in yi salati.

Ranar zagayen, mutanen ƙungiyar suka zo da motoci, da ƴaƴan itace a leda, da riguna masu hoton bishiya, da mai ɗaukar hoto. Na bi su mota-mota ina duba hannuwansu.

“Madam, ina na'urar?”

“Ayya Malam, ai ba tamu ba ce, aro muka yi don horo. Yau ranar dashe ce.”

“Mu kuma yaushe ce ranar aunawa?”

“Za mu sa shi a rahoto.”

Aka jera yara, aka ba kowa itace, aka ɗebo ruwa daga tankin aka zuba, mai hoto yana cewa a yi dariya. Rana ta yi tsaka. Mushe ya cika kwano daga famfon, ya miƙa wa madam da hannu biyu, gaban kowa.

“Bismilla Madam, ruwan baƙo. Mu kam har mun yi ƙiba da shi.”

Ta dubi kwanon, ta dubi tankin. Ta ce ta gode, tana da nata a mota. Direbanta ya kawo mata na kwalba.

Wataƙila a birni wannan ba kome ba ne. A daji kuwa, baƙon da ya ƙi ruwanka ya gama gaya maka magana. Kwalina na ajami bai yi aikin da wannan ƙin ya yi ba. Motoci ba su ɓace ba dattijon ya ce a sauke tanki, ba yaron da zai ƙara sha. Na roƙe shi a bar shi a gefe, a rufe, in je Arlit in nemo mai na'ura, don wataƙila lafiyarsa lau. Ya ce in je.

Na shiga Arlit na hau kabu-kabu, daga wannan ofis zuwa wancan. Nan a ce mai na'urar ya yi tafiya. Can a ce sai an rubuto daga Agadez. A ofishin ƙungiyar mai gadi ya ce aikinsu na bana ya ƙare, sun kulle sun tafi. Ina tsaye bakin hanya motocin ma'aikatan haƙa suna wucewa, na san a garin nan akwai irin na'urar nan ba ɗaya ba, ba biyu ba, kowace tana kwance a aljihun tebur. Ba wadda za ta yi tafiyar yini don ƴaƴan masu awaki.

Na dawo hannu wofi, na tarar da duwatsun da aka girke tankin a kai kawai. Tanki babu.

Abin da madam ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba, shi ne a daji ba a yar da ƙarfe. Duk ƙarfen da mai shi ya saki, na maƙeri ne, haka aka gada. Na sami maƙerin zangon a bakin aikinsa, yana ta fara'a.

“Malam, kada ka damu. Ruwan cikin tankin aka ce yana da ciwo, na zubar da shi tas. Ƙarfen kuma na gasa shi har ya yi ja. Wuta tana barin dauɗa?”

“Ba na karanta muku cewa wannan ba ta fita da wuta ba?”

“Kai malami ne, ni maƙeri ne. Ka taɓa ganin na gyara maka fatiha?”

Ya riga ya yanka shi. Ya yi kaskon tuya, ya yi murhun shayi, ya yi komin shayar da awaki, ya yi marfin tukunya. Mata sun karɓa sun ba shi cuku da gero. Abin da dā yake wuri guda, inda na'ura za ta auna shi cikin ƙiftawar ido, ya watsu cikin tantuna, wasu ma sun riga sun tashi sun bi ciyawa.

Lakwal kuwa ta fara zubewa. Jarkunan roba ba sa kai yara la'asar. Uba ya zo ya ɗauki ɗansa, wani ya zo ya ɗauki biyu. Itatuwan da aka kawo suka bushe a ledarsu, ba wanda ya kula.

Ban yi fushi da maƙeri ba, aikin ubansa ya yi. Fushina yana kan waɗanda suka tara mu suka zuba mana tsoro, suka hana mu abin da ke raba tsoro da gaskiya. Wanda ya ce maka akwai maciji a ɗakinka, ya tafi da fitilar, bai taimake ka ba. Da ba za su auna ba, su ce ba za su auna ba. Da sun ce haka, da na san abin da zan roƙi dattijon, da an haƙa rami an binne shi ni ina tsaye.

Na ɗauki sandata na bi tantunan da suka rage, ina roƙon a ba ni ƙarafan in binne. Wasu suka ba ni don kunya. Na iso wajen wata tsohuwa, kakar uku daga cikin ɗalibaina, tana toya wa jikokinta waina a sabon kaskonta. Hausarta ta mutanen Abzin ce. Ta saurare ni har na gama.

“Malam, kasko nan yana da ciwo?”

“Inna, mai yiwuwa ne.”

“Mai yiwuwa ba magana ba ne. Littafi yana jakarka. Ka dafa shi ka ce yana da ciwo, yanzu in ba ka.”

Na sa hannu a jaka, na taɓa bangon Alƙur'ani, na tsaya. Ban sani ba. Wataƙila tankin nan bai taɓa kusantar rami ba, mun rushe lakwal a banza. Wataƙila kuma cutar tana cikin wainar da ke gabana. Ban taɓa rantsuwa kan abin da ban sani ba, ko don ceton yaro ba zan fara da furfurata ba. Na fitar da hannuna ba kome.

Ta gyaɗa kai, ta juya wainar, ta kwashe ta raba wa yaran. Ta miƙo mini ɗaya, don ni baƙo ne a tantinta. Yaran suna kallona. Na yi bismilla na ci.