Kambuna na Kokawa

Shekarun baya, zamanin Nasara, tun ba a fara yaƙin duniya na biyu ba, ni ake ji da shi a kokawar garinmu Gure. Kaka huɗu bayana bai taɓa ƙasa ba. Ina da wani kambun fata da nake sawa a damtse, sai na shafa mai yake shiga. Girman kai kuwa, ba a magana.

Sai kumandan, Baturen da ke mulkin garin, ya sa aka ɗebe mu, mu kai kayan soja a raƙuma can ƙolin duwatsun Tubawa. Na bar wa mahaifiyata ajiyar kambun. Wata uku aka ce, muka share shekara biyu. A saman nan iska ba ta isar mutum, taku goma sai haki. Abinci akwai shi, amma loma uku ka ture ƙwarya. Ni kuwa gwanin wayo ina ta murna, wai hawan dutse ƙarfi yake ƙara mini.

Na dawo ana tsakiyar kaka. Abokina ya ƙare mini kallo ya ce, "Kai, bana ka huta mana." Na ce hassada ce. Na aika wa gwanin kokawar garin Kelle ina jiransa ran kasuwa.

Da ranar ta zo, mahaifiyata ta miƙo mini kambun. Na zura, ya kama cif. Na ce, "Kin gani ko, Inna? Ƙarfe yana nan!" Ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Allah ya tsare."

Makaɗi bai gama kirarina ba na ji ni a ƙasa. Mutumin ya ɗaga ni kamar damin kara. Ko ihu ba a yi ba, kuma shirun nan ya fi kayen ciwo.

A gida na tuɓe kambun zan yar, sai na ga sabon ɗinki ta ciki. An rage shi faɗin yatsa uku.

Na ce, "Inna, ke ce?"

Ta ce, "Ni ce. Ranar da ka iso na riƙe damtsenka, ƙashi na ji. Ka dawo mini da rai, ɗana. Na kasa gaya maka ka baro rabinka a dutse."

Na yi kwana biyu ba na yi mata magana, abin da har yau nake jin kunyarsa. Ai ko ta faɗa, da ban ji ba, ita ma ta sani. Nama ya komo sannu a hankali, suna dai bai komo ba. Inna ta daɗe da rasuwa. Kambun yana nan wurina, ya yi mini kaɗan, amma ban taɓa kwance ɗinkin ba.