Filin Da Na Naɗe

Ni kafinta ne a Tanut, kuma ba na son a koya mini aikina. Wata shekara wata malamar lakwal, wato makarantar boko, Kirista, da aka turo mana daga kudu, ta kawo mini takardar zane in sa mata katako da gilashi. Ta ce na marigayiya mahaifiyarta ne, shi kaɗai ya rage mata.

Zanen baƙi da fari ne. Makiyayi ne can ƙasa a kusurwa, ya sunkuya da tunkiya a kafaɗa, ƙayoyi masu kaurin layi sun kewaye shi. Sauran takardar fili ne fetal, sai wani siririn layi da ya ratsa shi ya hau sama, inda garken yake ƙanana kamar ƙwayar hatsi. Na ce a raina mai zanen nan rago ne. Mu da muka saba da zayyanar allo, inda ba a barin ko wurin ɗora yatsa! Sai na gyara masa aikinsa, na kawar da filin, makiyayi ya dawo tsakiyar ƙaramin gilashi.

Da ta zo karɓa, ta duba, sai ta zauna a kan bencina.

"Malam, ina hanyar?"

"Wace hanya, Madam? Ai ba komai a wurin."

"Wannan ba komai ɗin shi ne tafiyar da ya yi saboda tunkiya guda. A wurinmu makiyayin nan Almasihu ne. Mama takan ɗora yatsana kan garken, ta bi layin da shi har ƙasa, ta ce duk nisan da na yi za a zo nemana. Yanzu kamar a bakin ƙofa ya tsince ta."

Kunya ta rufe ni. Ni da na san makiyayan Tenhiya, nan yankinmu, suna kwana biyu a daji kan dabba ɗaya.

Sai ta ce, "Guntun da ka yanke, ka zubar?"

A nan na ji sanyi a raina. Babana ya hore mu cewa takardar addini, ko ta wane ne, ba a sa mata almakashi. Da ma na yi zargin wannan ta addininsu ce, don haka naɗe filin na yi ta baya.

Na zare ƙusoshin, na warware takardar a hankali. Sawun naɗin ya fito, ba yadda zan yi da shi. Ba ta ko kula ba. Ta ɗora yatsa kan garken, ta biyo layin, ta haye sawun, har ta iso wurin tunkiyar.

Wani babban gilashi da na daɗe ina ɓoyonsa, shi na yanka mata ranar.