Ritayar Goggo, Kwamfutar Baba Apollos

Matso nan, ja kujera ka zauna, in ba ka labarin Baba Apollos na Luggere, mutumin da ya yi wa kwamfuta bikin ritaya.

Shekara talatin da biyar ya yi a sashen ajiye fayil na wata ma'aikata a Jimeta. A kan idonsa abokan aiki suka riƙa zuwa rantsuwar rage shekaru, har akwai wanda a takarda ya kusa zama sa'an ɗansa na fari. Shi kuwa ko wata guda bai taɓa gutsirewa ba. Ranar da lokacinsa ya cika ya miƙa makullai, ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida yana cike wa mutane fom ta intanet. Kwamfutarsa tsohuwa ce, Goggo yake kiranta, don in an tashe ta sai ta yi nishi tukuna.

Ana nan sai shafukan cike fom suka fara ƙin buɗewa. Ɗalibai da masu neman aiki suka koma shagon gaba. Matarsa Fibi ta ce in abin ya mutu, a ba masu sayen gwangwan su musanya mata da bokiti. Sai ya naɗe Goggo da zanen gado, ya rungume ta a keke napep har shagon Surayya mai gyaran kwamfuta, kusa da babbar kasuwa.

Surayya ta duba ta ce, "Bappa, manhajar da ke tafiyar da ita ce ta tsufa, sai an sa sabuwa. Amma sabuwar tana da mai gadi. Kafin ta zauna sai an binciki kayan ciki, in na da ne a ce ba shiga."

"To na Goggo fa?"

"Na Goggo sun ga jiya sun ga shekaranjiya. Amma akwai dabara. Zan cire binciken, ta wuce ba wanda ya tambaye ta."

Apollos ya zare tabarau. "Wato a rage mata shekaru."

"A'a, Bappa, tambayar ce kawai ba za a yi ba."

"An sallami mai gadi ke nan. Ƴata, ai wannan ya fi muni."

"Bappa, ƙarfe ne fa, ba babban sakatare ba!"

Ya sake naɗe abarsa ya koma gida. Kwana uku shago a rufe. A na huɗu ya tarar Fibi ta kira mai gwangwan, yana ɗaga Goggo da hannu yana kimanta nauyinta.

Ya kira Fibi da sunan ƴarsu: "Maman Tracy, me nake gani?"

"Bokiti biyu ya ce, Baban Tracy. Su dai ba sai an yi musu rantsuwa ba kafin su ɗebi ruwa."

A nan tsohon ma'aikaci ya tuna cewa dokar aiki ma ta bar ƙofa ɗaya. Wanda ya yi ritaya da mutuncinsa ana iya sake ɗaukarsa kwantiragi, kuma ɗan kwantiragi ba a tambayarsa shekaru, tunda kowa ya san ya tsufa.

Ya buɗe wa Goggo fayil. Ya rubuta mata takardar ritaya da hannu, ya aika wa kansa, ya rubuta a ƙasa: "An amince." Ranar Asabar da la'asar aka jera kujeru. Fibi ta dama zoɓo ta soya cincin tana ƙunƙuni. Maƙwabcinsu Hamajoɗa tela ya tashi ya yi jawabi, ya ce tun da ya san mai ritaya bai taɓa jin ta yi faɗa da kowa ba, sai dai in an ɗauke wuta ta yi fushi. Aka tafa.

Litinin ya isa wurin Surayya da Goggo da takardar kwantiragin shekara biyu, ya ce ta sa hannu a matsayin shaida. Ta sa, hawayen dariya na zuba. Ta kwashe takardun mutane da ke cikin Goggo ta adana, ta cire binciken ta sa sabuwar manhaja, sannan ta ce, "Ban ɗauki alkawari ba fa. Wata rana tana iya yin gardama."

"Kwantiragi dama haka yake," in ji shi.

Aiki ya yi kyau. Shafuka suka buɗe, layi ya dawo ƙofar shago. Sai dai a kusurwar allo ga wani ɗan rubutu da Turanci, yana cewa wannan na'ura ba ta cika sharuɗɗa ba. Wani ɗalibi ya karanta, ya tattara takardunsa ya fice. Surayya ta ce minti ɗaya ya ishe ta gogewa. Fibi ta kawo ɗan ƙyalle da gam ta ce a rufe. Apollos ya hana su duka biyun, ya ce bakin ma'aikaci ne, ba shi zai toshe shi ba. Yanzu duk wanda ya tambaya, sai ya ciro fayil ya karanta masa tun daga shafin farko, fom na jira.

To kai da ka zauna ka ji, in shagon naka ne, gogewa za ka sa a yi, ko barin Goggo za ka yi ta riƙa tona wa kanta asiri?